Tulun Kaka a Gidan Philip

Litinin, 6 ga Agusta, 2007. Da hantsi.

Da hannun hagu nake wannan rubutu, shi ya sa ya yi kamar kaza ta yi tono. Ni da nake jan kunnen ɗalibai a kan mummunan rubutu, yau ga nawa.

Jiya aka karanta sunana a coci. Beatrice matar Philip, an sa ta a ƙarƙashin horo har sai ta koma ɗakin mijinta. Dattijo Sila ne ya karanta, shi ne sakataren dattawa, bai ɗaga kai daga takardar ba har ya gama. Bencin baya. Ba Jibin Ubangiji. Ba ɗaura zanen Zumuntar Mata. Ba taɓa kayan kiɗa. Na farkon duk na ji su kamar da wata ake. Na ƙarshen ne ya shige ni.

Ni ke buga babban tulu a Zumunta tun kafin in yi aure. Kakata ce ta gina shi a ƙauyenmu na kan dutse, don kiɗa ta gina shi, ba a taɓa zuba masa ko ɗigon ruwa ba. Da soso ake dukan bakinsa, ya ba da murya daga can ƙasa, wadda ciki ke ji kafin kunne. Yana ɗakin ajiya na coci, kuma an ce kada in taɓa shi.

Ɗaki na kama a gidan Malam Maharazu mai sayar da hatsi. Shi kaɗai ya ba ni wuri bai tambaye ni komai ba. Gidan yana bayan katangar cocinmu. Ba don haka na zaɓe shi ba. Ko don haka ne, oho.

Abin da ya faru ran Asabar ɗin nan ba zan rubuta shi ba.

Talata, 7 ga Agusta. Azahar.

Maimuna matar Malam ta aiko da tuwo. Na mayar. Shayi kawai.

Alhamis, 9 ga Agusta. Bayan la'asar.

Yau ranar koyon waƙa. Daga tagata ana jin komai, har da tarin Mama Monica, shugabar Zumunta, kafin ta ɗaga waƙa. Tsohuwar nan tun da abin ya faru ko gaisuwa ba ta aiko ba.

Margaret aka ba tuluna. Ƙawata ce, ina sonta, amma Allah ya sani ba ta da kunne. Gudu take yi kamar an biyo ta. Mata suna nan, ita tana can gaba. Na zauna a bakin gado ina cewa haba Margaret, jira su mana, haba! Ashe ƙafata tana ta dukan ƙasa ban sani ba, sai da Maimuna ta leƙo ta ce lafiya.

Duk da haka muryarsa ce. Ko a hannun wa yake, muryarsa ce.

Da suka tashi na ji yunwa, karo na farko tun ranar. Na ci rabin tuwon da aka aiko.

Asabar, 11 ga Agusta. Da safe.

Mai ɗori ya zo ya sake ɗaure hannun. Wuyan hannun dama ne. Na sake gaya masa santsi ne ya kwashe ni a bakin rijiya. Ya dubi hannun, ya dubi wuyana inda ɗankwali bai rufe ba, ya ce, "To Malama, Allah ya kiyaye santsi na gaba." Na ce amin.

Hutu ne, ba makaranta, ba wurin zuwa. Na ɗauko tsohon littafin labarin nan na Turawa da nake koyar wa 'yan aji biyar, in shirya na zangon gaba. Labarin wata mata ce da garinsu suka juya mata baya, ta kulle kanta a ɗakin bene. Ba mai hawa wurinta. Kullum da yamma wani maƙwabci yana kaɗa goge irin nasu a tsallaken hanya, ita kuma ta ja kujera bakin taga. Shi bai ma san da ita ba.

Shekara da shekaru ina rubuta wa yara a allo cewa kiɗan nan shi ne abincinta. Su kwafa, su rubuta mini a jarrabawa, in ba su maki. Ashe ban san abin da nake faɗa ba.

Lahadi, 12 ga Agusta. Bayan sujada.

Bencin baya yana da ƙusa a gefen hagu. Ba wanda ya taɓa gaya mini.

Philip yana gaba, layi na biyu, da farar riga. Bai waiwayo ba. Da Zumunta suka tashi waƙa na cusa hannuna mai lafiya a ƙarƙashin cinya don kada ya motsa.

Laraba, 15 ga Agusta. Azahar.

Baba ya sauko daga ƙauye, a ƙafa har bakin titi sannan ya hau mashin. Bai shiga ɗakin ba, a zaure muka zauna.

Na ce, "Baba, in zo gida?"

Ya daɗe yana murza hularsa. Ya ce, "'Yata, kin san mijin nan naki ya yi golmo a kanki, noman neman aure. Shekaru ya yi yana noma mini gona, da ya shiga soja ƙannensa suka ƙarasa masa. Ko yau rumbun da suka cika yana tsaye. Da saniya ce sai in mayar. Gumi fa, ta ina zan mayar da shi?"

Na ce na ji.

Ya yi ta kallon ɗorin. Bai tambaya ba, ni ma ban faɗa ba. Da zai tafi ya kwance buhu, ya zube mini sabuwar masara, ya ce in gasa da zafinta. Ban ji haushinsa ba. Tausayi ya ba ni, ya tsufa sosai a damanar nan.

Na ba yaran gidan masarar.

Alhamis, 16 ga Agusta. Bayan la'asar.

Sun yi waƙa. Akwai kacau-kacau, akwai kuge, akwai ƙananan tuluna. Babu nawa. Na jira, na ce ko Margaret ta makara. Har suka rufe da addu'a bai yi magana ba.

Waƙa ba ƙasa, kamar miya ba gishiri. Ban ci ba.

Juma'a, 17 ga Agusta. Da hantsi.

Margaret ta shigo ta ƙofar baya da kwandon cefane, wai kada a ce ta zo. Tun kafin ta zauna na ce ina tuluna.

Ta ce, "Kada ki yi fushi da ni, Beatrice. Dattijo Sila ne ya sa aka ɗauke shi."

"Zuwa ina?"

"Gidanki. Gidan Philip, nake nufi. Wai ya ce duk Zuru an san inda tulun nan yake nan zuciyarki take. In kin bi shi gida, shi ke nan, a ɗage horon, ki buga mana a babban taro na Mahuta tsakiyar watan gobe."

Na yi dariya har hannun ya amsa. Wato ni akuya ce, a riƙe mini dusa in biyo.

Ta ce, "Ni dai na gaji. Mama Monica harara take yi mini tun daga farkon waƙa har ƙarshe. Ki dawo mana, don Allah." Sai ta ga hannun, ta ce, "A'a, ban ce komai ba." Ta ajiye mini lemo ta fita da gudu, yadda take kiɗa.

Abin haushin shi ne Dattijo bai yi ƙarya ba.

Lahadi, 19 ga Agusta. Bayan sujada.

Ƙusar tana nan.

Talata, 21 ga Agusta. La'asar.

Dattijo Sila da kansa. Malam Maharazu ya shimfiɗa masa tabarma a zaure, ya koma gefe yana auna gero, bai tashi ba kuma bai sa baki ba.

Dattijo mutumin kirki ne, shi ya koya mini karatun Littafi ina ƙarama. Ya ce, "'Yata, Philip ya yi kuka a gaban dattawa. Babban soja, ya durƙusa yana kuka. Abin da suka gani a Darfur ba kowa zai gani ya dawo daidai ba."

Na ce, "Baba, na sani. Ni nake kwana kusa da shi."

Ya ce ya yi alkawari ba za a sake ba. Na ce wancan karon ma a gabanku ya yi. Ya ce gafara ba ta da iyaka. Na ce ai na gafarta masa, komawa ce ban yi ba. Ya ce to tulunki fa, ba kya kewarsa?

Nan ya same ni. Hawaye suka zubo mini, kuma na ji haushin kaina ƙwarai. Ya ga haka ya tashi da murna, ya ce dattawa za su zauna farkon wata, yana fata ya kai musu labari mai daɗi.

Da ya tafi Malam ya ce, ba tare da ya kalle ni ba, "Malama, ɗakin ga naki ne har ran da kika ce kin gaji da shi." Ya ci gaba da awo.

Alhamis, 23 ga Agusta. Bayan la'asar.

Sun yi. Na rufe taga, na sake buɗewa.

A littafin na kai wurin da maƙwabcin ya tashi daga unguwar da gogensa. Matar ta ci gaba da jan kujera bakin taga kullum da yamma, ba kiɗa. Ta daina taɓa abin da ake ajiye mata a bakin ƙofa. Na san ƙarshen, na koyar da shi ya fi a ƙirga, amma yau na yi jifa da littafin. Ke baiwar Allah, ba ki da ƙafa ne? Ba ki da baki? Ko tebur ba za ki iya bugawa ba?

Sai na dubi kwanon Maimuna a rufe a bakin ƙofata, tun na rana.

Siket ɗina ya fara zamewa, da fil nake kama shi.

Asabar, 25 ga Agusta. Da safe.

Na haɗa kaya a jaka.

Asabar. La'asar.

Na kwance.

Lahadi, 26 ga Agusta. Da yamma.

Na sake haɗawa. Ba zan iya ba. Mutum zai iya zama ba miji, zai iya zama ba gidan uba, na gwada na gani. Wannan ne ban iya ba. Gobe zan je. Wataƙila da gaske ya canza. Wataƙila in na kiyaye bakina, in na lura da ranakun da idonsa ke yin ja, in na bar ƙofar baya a buɗe.

Hannu ɗaya ya rage mini.

Litinin, 27 ga Agusta. Azahar.

Zan rubuta yadda aka yi, bi da bi.

Na fita da hantsi da jakata. Maimuna ta raka ni bakin ƙofa ta ce, "A sauka lafiya." Na hau mashin har ƙofar gidan Philip.

An share tsakar gida. An yi wa ƙofar ɗakin sabon fenti, inda ta tsage an toshe. Philip ya fito da sauri, ya karɓi jakar, yana ta sannu da zuwa, sannu da zuwa. Ya rame shi ma. Na ji zuciyata ta yi laushi, ba zan ɓoye ba. Ya jawo mini kujera ƙarƙashin mangwaro, ya ce, "Zauna ki sha ruwa, kin sha rana."

Sai ya juya ya ɗaga faifai, ya tsoma moɗa.

A tuluna.

Yana gindin mangwaro a kan yashi, an jiƙa yashin, cike yake har wuya, jikinsa ya yi baƙi yana naso. Ya miƙo mini moɗar yana murmushi. Ya ce, "Tun ran da aka kawo shi nake kula miki da shi. Kullum sai na canza ruwan. Kai, tulun nan akwai sanyi!"

Ba mugunta ba ce. Da mugunta ce da na san yadda zan yi da ita. Tun muna saurayi da budurwa yake zama a layi na biyu, ina gabansa ina bugun tulun nan kowace Lahadi. A bikinmu na buga shi da zanen amarya. Ran da za su tafi Darfur na buga shi har tafina ya kumbura. Bai taɓa kallo ba. Bai san wanne ne na kiɗa wanne ne na ruwa ba. Su Dattijo sun aiko masa da zuciyata, in ji su, shi kuma ya ga tulu ya zuba ruwa.

Na karɓi moɗar na ajiye a ƙasa. Na durƙusa, na sa kafaɗa da hannun hagu na karkata shi. Ruwan ya malale har ƙafarsa. Ya ce, "Beatrice, mene ne haka?" Muryar ta fara canzawa, na san wannan canjin, na ga jijiyar wuyansa. Ƙofar gida a buɗe take, mata biyu masu tallan gyaɗa suna tsaye suna kallo. Na kira ɗaya na ce, "'Yar'uwa, zo ki aza mini."

Na naɗe ɗankwalina na yi gammo. Ta aza mini. Jiƙaƙƙen tulu akwai nauyi.

Ya ce, "Jakarki fa?"

Na ce, "Ka riƙe."

A ƙafa na dawo, ta gaban kasuwa, kai ba ɗankwali, hannu ɗaya a ɗaure ɗaya a sama, laka tana ɗiga mini a wuya. Duk wanda bai gani ba za a ba shi labari kafin magariba. Maimuna ta gan ni ta ce, "Ikon Allah! Kin tafi da jaka kin dawo da tulu?" Ita ta sauke mini.

Talata, 28 ga Agusta. Da safe.

Na buga shi da tafin hagu. Fat. Fat. Kamar an mari jiƙaƙƙen bango. Ya sha ruwa har ƙashinsa.

Na yi kuka, wanda ban yi ba ran Asabar ɗin.

Laraba, 29 ga Agusta. Azahar.

Ruwa tun asuba. Ba rana.

Kaka takan ce in tulu ya jiƙe kada a yi masa gaggawa, wuta kusa tana fasa shi. Na roƙi Maimuna wuri a madafinta. Ta kawar da itace, muka kife shi a kan duwatsu nesa da murhu kaɗan, inda ɗumi ke kaiwa. Ta ce, "Yau na ga baƙon da ake ba masauki a kicin." Ta hana yaranta wucewa ta wurin.

Zanenta nake ɗaurawa, nawa suna cikin jakar.

Juma'a, 31 ga Agusta. La'asar.

Fat har yanzu. Amma akwai wani abu a bayan fat ɗin, ɗan kaɗan.

Lahadi, 2 ga Satumba. Bayan sujada.

An sake karanta sunana. Horo ya ci gaba, ba a sa rana ba. An ƙara da cewa na ɗauki kayan ikilisiya ba izini, sai Mama Monica ta yi tari daga wurin zamanta ta ce, "Na kakarta ne." Ba a saba mace ta yi magana a lokacin sanarwa ba. Dattijo ya gyara tabarau ya tsallake layin.

Ba ni ba taron Mahuta. Na auna abin a raina tun daga coci har gida, yana da zafi, amma ban mutu ba.

Na zo da dutse a jaka na buga ƙusar ta shige.

Talata, 4 ga Satumba. Da hantsi.

Rana ta fito. Mun fitar da tulun tsakar gida. Na zauna kusa da shi da littafin, na karanta ƙarshen, inda aka hau bene aka same ta a kujerarta. Bana ba zan rubuta musu komai a allo ba. Zan tambaye su me ya kamata ta yi ran da kiɗan ya tsaya, in ji abin da 'yan mata za su ce.

Alhamis, 6 ga Satumba. Bayan la'asar.

Muryar tuluna ta dawo.

Na shigo da shi ɗaki tun azahar, na ajiye a kan gammo ƙarƙashin taga. Ba ni da soso, sai na cire silifas ɗina na naɗe shi da tsumma. Na ce wa Malam ko zai dame su. Ya ce, "In dai ba lokacin salla ba ne, Malama, ki fasa rufin in kina so."

Na ji tarin Mama Monica. Ta ɗaga waƙa, mata suka amsa, Margaret ta kwasa da gudu a ƙaramin tulu. Na bar baiti ɗaya ya wuce. An ce kada in taɓa kayan kiɗa a coci. Nan ba coci ba ne, ɗakin haya ne a gidan mai hatsi.

Na buga.

Dum. Har cikin haƙorana. Ƙofar langa-langa ta amsa.

Can ƙetaren katanga waƙar ta yi tangal-tangal, wasu suka yi shiru. Na ci gaba, a hankali, inda ya kamata ƙafa ta sauka. Hagu ba ta kai dama ba, amma ta san hanya. Sai na ji Mama Monica ta sake ɗaga baitin daga farko, da ƙarfi, a kan buguna. Kuge ya shigo. Kacau-kacau ya shigo. Margaret ta yi ta lalube, ta yi ta lalube, can ta faɗo daidai, karo na farko a rayuwarta.

Har suka tashi ban tsaya ba. Ba wanda ya leƙo ta katanga. Kafaɗata kamar za ta cire.

Juma'a, 7 ga Satumba. Da safe.

Ina shara aka yi sallama. Mama Monica ce a bakin zaure, da sandarta. Ba ta shigo ba. Na durƙusa na gaishe ta, ta amsa tana kallon bango.

Ta ce, "Wani gida a bayan coci suna damunmu da tulu."

Na ce, "Ayya, Mama."

"In kin san mai shi, ki gaya mata a waƙa ta uku tana ja da baya. Kuma ƙarfe huɗu muke farawa, ba sai an yi baiti ɗaya ba."

Na ce zan gaya mata.

Ta kwance bakin zanenta ta ciro sabon soso, an ɗinke shi da mariƙi ƙarami, daidai hannun hagu. Ta ajiye a kan buhun geron Malam, ba a hannuna ba. Ta ce, "Wannan faɗuwa ya yi." Sai a lokacin ta dube ni, daga sama har ƙasa, ta ce, "Dubi wuyanki kamar na zabuwa. Ba a ba ki abinci a gidan nan ne?" Ta juya ta tafi tana tari.

Maimuna ta kawo ɗumame da miyar kuka. Na cinye, na suɗe kwanon, na bi ta har madafi na ce ko da saura.